Zaren da Likita Ya Bari a Jikin Baban Nana

Alhamdu lillahi, ina wannan rubutu ina matar aure, ba ina cikin takaba ba. Saura ƙiris. Sai da na nemi izinin maigidana kafin in ɗauki biro, domin jikinsa ne, kuma wurin da ciwon yake ba wurin da ake ambata a gaban mutane ba ne. Ya ce in rubuta amma kada in sa sunansa. To, Baban Nana zan kira shi, dama haka nake kiransa. Mahauci ne a kasuwar Jega, ni kuma ina koyarwa a wata firamare a cikin gari. Ciwon dubura ya yi. Ga shi na faɗa, ƙasa kuma ba ta tsage ba.

A zamansa na fara ganewa. Mutumin da ke naɗe ƙafa a gaban tuwo kamar an dasa shi, sai ga shi yana zama a karkace, ɗuwawu ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Sai ya daina hawa babur ɗinsa, ya ce wai mai ya yi tsada. Sai daɗewa a bayi, ya fito yana gumi. Da na tambaye shi, ko kallona bai yi ba.

"Basir na, Malama. Wane namiji na ba shi da basir?"

Daga nan gidanmu ya koma rumfar mai magani. Gorar jiƙo daga masu mota da lasifika, ƙullin gari daga abokan sana'a, saiwoyi daga maƙwabta. Mahaifina ya aiko daga Aliero cewa a daka albasa a tace ruwan ya sha. Mu mutanen Aliero ko kunama ce ta harbe ka, albasa za mu miƙo maka. Baban Nana ya sha duka, har da wanda ya sa shi gudawa ya rame kamar kazar mayu. Makonni suka shige, wurin ya kumbura, zazzaɓi ya rufe shi, sai wata safiya abin ya fashe, mugunya ta fito. Ya samu sauƙi, ya ce ai ga shi magani ya yi aiki. Ni ce mai wankin wanduna, na san bai yi ba. Kullum akwai tabo, ga wari. Ya lafa, ya dawo, ya lafa, ya dawo, ina magana ana cewa na cika baki.

Ranar da abokan sana'arsa suka kawo shi gida a Keke Napep, sun ce ya ɗaga gatari zai sari ƙashi sai ya sulale, ban nemi shawarar kowa ba. Na kira yayana Bello, direba ne a Aliero, muka wuce da shi wani asibiti a Birnin Kebbi.

Layin asibiti kam sai wanda ya gani. Layin kati daban, na biyan kuɗi daban, na gwajin jini daban, kowanne kuma sai an ce ka koma can ka dawo nan. Ga mara lafiya ba ya iya zama a benci, ba ya iya tsayuwa, sai ya jingina da bango a gicciye. Sau biyu muna komawa gida ba mu ga likita ba. Da muka samu shiga, Baban Nana ya ce in tsaya a waje. Na ce masa wandunan da nake wankewa ba su taɓa cewa in tsaya a waje ba. Na shige.

Likitan mutum ne mai sanyin magana, Allah ya saka masa da alheri. Da ya gama dubawa a bayan labule, ya wanke hannu ya zauna.

"Malam, ba kowane ciwon dubura ne basir ba," in ji shi. "Basir jijiyoyi ne ke kumbura, wani a ɗaure shi da roba ya bushe ya faɗi, wani sai an yanke. Akwai tsagewa, wadda bayan gida mai tauri ke jawowa, sau da yawa magani da gyaran abinci sun ishe ta. Akwai maruru, wanda ake tsagawa a fitar da mugunya. Akwai ma wanda ya fi waɗannan muni, shi ya sa sai mun duba. Naka maruru ne da aka bari ya daɗe, har ya haƙa hanya daga ciki zuwa waje. Mu muna ce masa fistula."

Baban Nana ya zabura. "Likita, wanga ba ciwon mata na ba?"

Likita ya yi murmushi, ya ce na mata daban ne, wannan kowa yana yi. Sai ya haɗa babban yatsansa da manuni ya yi zobe, ya ɗaga mana. Ya ce a bakin dubura akwai zoben nama kamar haka, shi ke riƙe wa mutum bayan gida da iska har ya kai inda zai sauke. Da hanyar a sama-sama take, da ya tsage ta kawai ta warke. Amma ta Baban Nana ta ratsa ta cikin zoben. In ya tsage ta, ya yanke zoben ke nan, in kuwa zoben ya yanke, abu zai riƙa zubowa ba tare da mutum ya sani ba. Saboda haka zai zura zare ta cikin hanyar ya ƙulle, ya bar shi watanni yana tsiyayar da mugunya, sai wurin ya lafa a yi aiki na biyu.

Ban taɓa sanin akwai wani zobe ba, balle in san a kansa rayuwarmu take. Wa zai sayi nama a hannun mahaucin da ke yoyon bayan gida? Wane sahu zai shiga a masallaci? Na dubi Baban Nana, na ga shi ma lissafin da yake yi ke nan.

Na sayar da tumakina biyu, Bello ya cika sauran, aka yi aikin. Da aka fito da shi, magani bai gama sakinsa ba, likita ya kira ni gefe ya nuna mini zaren. Shuɗi ne, mai ɗan kauri, an ƙulle shi, wutsiyarsa na reto. Ya ce, "Malama, ruwan ɗumi da gishiri, safe da yamma. Wannan zaren kuwa, kada kowa ya taɓa shi. Kowa." Na maimaita wa Baban Nana har ya ce na ishe shi, ai ya ji.

Muna dawowa Jega saƙon Inna, mahaifiyarsa, ya iso daga Mungadi, ta wajen Maiyama. Ta ce ɗa ba ya jinya a gidan haya alhali uwarsa na da rai, a maido shi gida. Na so in ƙi. Amma wace ce ni? Na bar yara wajen maƙwabciyata, muka tafi.

Wanda ya san gidan surukai ya san yadda abin yake. Aka shimfiɗa masa katifa a ɗakin da ke jikin zaure don maza masu dubiya, ni kuma ina can ciki wajen mata. Ba dama in zauna kusa da mijina da rana tsaka, sai dai in dafa ruwa in kai bakin ƙofa in juyo. Mai kula da shi Kawu ne, yayan Inna, wanzamin garin. Shi ya yi wa Baban Nana kaciya, shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsa. Dattijo ne mai kirki, ba zan ɓoye ba, ya fi kowa damuwa da ciwon nan.

Hankalina bai kwanta ba. Ba zan iya tarar Kawu da zancen duburar ɗan ƙanwarsa ba, don haka na samu Inna tana tankaɗe, na durƙusa.

"Inna, likita ya bar wani zare jikinai. Yac ce kar a taɓa."

Ta kau da kai, ta ci gaba da kaɗa rariya. Baban Nana ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta faɗa, "wancan" take ce masa, balle a zo mata da zancen tsiraicinsa.

"Allah shi sawwaƙa," ta ce. Na ɗauka saƙo ya isa, ashe a nan gindin turmi ya mutu.

A mako na biyu maganinsa ya ƙare, ga shi ina son in ga yara. Na hau mota da safe zuwa Jega, na ce zan dawo kafin la'asar. Da na dawo, tun daga bakin hanya na hango mutane a ƙofar gida. Na ce a raina ya mutu. Amma da na matso sai na ga fuskoki a sake, wasu na salati, wasu na cewa Allah ya tona asirin azzalumai. Wata tsohuwa ta kama hannuna.

"Barka, ɗiyata, barka! An hidda abin!"

A tsakiyar zaure an ajiye faifai. A kan faifan ga zaren nan, shuɗi, da jini a jikinsa. Kawu na zaune a gefe yana goge askarsa, fuskarsa cike da farin ciki.

"Ke ɗiyag ga, taho ki gani da idonki," in ji shi. "Tun ba a haihi mijinki ba nike riƙe da aska, ban taɓa ganin likita ya yi ɗunki ya bar wutsiya ba. Wanga ba aikin likita na ba, ƙulli na. Dubi, ƙulli bisa ƙulli. Wani na can kasuwa ba ya son ganin teburinai cike. Su likitoci sun gane shi, tsoro sunka ji. Ni ko na bi shi da aska har saiwa, na hidda shi dut."

Har saiwa. Da ƙullin kawai ya yanke ya zare, da da sauƙi. Bin zaren ya yi da aska, wato ainihin abin da likita ya ƙi yi. Ban san sanda na buɗe baki ba, a gaban maza, kaina ko mayafi ya zame.

"Kawu, kun kashe shi! Wallahi kun kashe shi!"

Wani ya ce ɗiyar boko ce, a yi mata uzuri. Na ture labule na shiga ɗakin. Yana kwance rub da ciki, ya juya fuska bango, an cusa masa garin magani a wurin, katifa ta jiƙe. Na ce, "Ba ka ji abin da likita yac ce ba? Ban gaya ma ba?"

Da ƙyar muryarsa ta fito. "Na hwaɗa mai, Malama. Yac ce yaro ba ya gane sammu. Shi yai man kaciya, shi ya ciyar da ni. In riƙe hannunai? In ce mai mi?"

Na kira Bello ina kuka, ya ce ga shi nan tafe. Maza suka ce ba inda za a kai shi, ai ciwo ya fita, saura jinya. Muna cikin wannan ja-in-ja aka kira la'asar. Baban Nana ya ce a tashe shi, yau a tsaye zai yi salla ya gode wa Allah, ina jin so yake ya kashe rigimar. Aka kama shi ya miƙe, ya dafa bango. Bai kai ga yin kabbara ba na ga abin yana bin ƙafarsa har ƙasa. Shi bai ma sani ba, sai da ya ga inda idanun mutane suke, ya duba.

Ban taɓa ganin fuska irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake gani. Ƙato guda, mai kayar da bijimi, ya tsaya yana kallon ƙafarsa kamar ta wani.

"Ban ji ba," ya ce. "Wallahi ban ji hitowatai ba."

Maza suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Sai ga Inna a bakin ƙofa, ita da ba ta taɓa leƙa ɗakin ba tun zuwanmu. Ta dubi ɗanta, ta dubi yayanta, ta ce, "Ku ɗauke shi. Ku kai man ɗana asibiti." Ranar ce na fara jin ta ce masa ɗanta.

Likita da ya duba bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya tambaya wa ya yi wannan. Na gaya masa. Ya girgiza kai, ya ce an yanke zoben ta gefe ɗaya, wurin kuma ya harbu saboda garin da aka cusa. Ba za a iya ɗinke zoben ba sai raunin ya tsabtata, rauni kuwa ba zai tsabtata ba muddin bayan gida na bi ta kansa. Don haka za a buɗe masa wata ƙofa a gefen ciki, a manna leda, ta nan zai riƙa yi na wani lokaci. Na ce, "Likita, ta ciki? Ta nan gaba?" Ya ce e. Na zauna a ƙasa, a dandamalin asibiti, ni da ke hana yara zama a ƙasa.

Da Baban Nana ya farka daga wannan aikin, ya ɗaga riga ya duba. Wani zai tambaya mene ne wannan jan abu, shi bai tambaya ba. Mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana feɗe dabbobi ya san abin da ya gani.

"Wanga hanjina na," ya ce, ya sauke rigar. Ya yi kwanaki ba ya cin abinci, wai in bai ci ba ai babu abin da zai fito.

A nan dole in gode wa wata nas, dattijuwa, wadda ta zauna ta koya mini yadda ake canza ledar da wanke fatar wurin, kuma ta yi masa tatas har ya karɓi kofin kunu. In gode wa abokan sana'arsa, da suka riƙe masa teburinsa, kullum sai an aiko mana da cefane, kuma ko sau ɗaya ba su tambaye ni mene ne ainihin ciwon ba. In gode wa Bello, da motarsa ta zama motar asibiti. Amma ledar nan ta wahalar da mu. Ba a samunta a Jega, sai an yi saƙo Sakkwato, in ta yanke sai ƙulle-ƙulle da ledar kanti da filasta, fata ta saɓule. Masu dubiya kuma ba su fasa ba. Har a wannan hali wata ta zo mini da gorar jiƙo a cikin hijabi, wai na basir ne sadidan. Na raka ta har bakin ƙofa da gorarta.

Watanni muka yi haka. Damina ta shiga ta fita. Ba ya zuwa kasuwa, ba ya zuwa masallaci, in an yi sallama sai ya shige ɗaki. Nana ta tambaye ni me ya sa Baba ba ya ɗaukarta a cinya. Daga baya aka tura mu wani babban asibiti a Sakkwato, aka ɗinke zoben. Aka jira ya warke, sannan aka mayar da hanjin ciki aka rufe ƙofar. Likitan can bai yi mana alkawarin komai ba. Ya ce naman da aka yanke aka ɗinke ba ya komawa kamar da, abin da ya samu ya gode. Ya koya masa matse wurin yana saki, kullum, kamar mai motsa jiki. Ya ce ruwa da yawa, ganye da yawa, a rage yaji, a rage nama. Mahauci guda aka mayar mai cin zogale da rama, ni kuwa na samu abin tsokana.

Kawu ya zo dubiya sau ɗaya, da kaza a hannu. Bai ba da haƙuri ba, domin har ga Allah bai ga laifinsa ba. A wajensa, da bai cire ƙullin ba da aikin likitoci bai ci ba. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan: an tabbatar mini zaren yana cikin zabirarsa har yau, yana nuna wa mutane, kuma masu irin wannan ciwo suna zuwa wajensa har daga Kimba da Birnin Malam. Ba na ƙin Kawu, ƙauna ce ta sa shi. Amma don Allah, wanda ya ji ciwo a wurin nan ya je a duba shi tun bai fashe ba. Wanda likita ya bar wa zare, ya buɗe baki ya gaya wa duk wanda ke jinyarsa, da sunan wurin, ko surukinsa ne. Kunyar da muka ji ta minti ɗaya ba ta kai wadda muka sha a zauren Mungadi ba.

Baban Nana ya koma kasuwa, rabin yini yake yi. Masallaci ne ya ƙi. Ya ce kasuwa in abu ya faru zai iya zamewa, sahu kuwa ina zai bi? Sai wata Juma'a na ga ya yi wanka, ya yi alwala a tsakar gida, ya ce in ɗauko masa farar shaddarsa. Na ce ga mai ruwan ƙasa nan, ta fi rufin asiri. Ya ce farar yake so. Na ba shi.

Yana fita na cika bokiti da ruwa, na ajiye sabulu da wani wando a bakin bayi, na zauna a kan turmi. Na ji an tayar da salla, na ji an sallame. Maƙwabta suka dawo, yara suka dawo, shi shiru. Na ce shi ke nan, ya faru, yana can wani lungu yana jiran hanya ta yi sauƙi.

Sai na ji sallamarsa. Idona bai je fuskarsa ba, bayan rigarsa na bi da kallo. Ya wuce ni, ya wuce bokitin, ya wuce buta, ya shimfiɗa darduma a inuwa ya tayar da nafila. Sai da ya yi ruku'u na fahimci abin da nake gani. Da ya sallame, bai juyo ba.

"Gaisawa na tsaya yi da mutane," ya ce. "Da alwalar gida na dawo, Malama."

Na tashi na ɗauki bokitin, na juye ruwan a gindin zogale.